Gasar Karnukan Kiwo A Birtaniya: Inda Tumaki Ke Ba Da Shaida

Ran 9 ga watan Oktoba na shekarar 1873, mutane wajen 300 suka taru cikin sanyi da yayyafi a wani fili kusa da garin Bala na ƙasar Wels, don su kalli wani abin da ba a saba tara jama'a dominsa ba. An kawo karnuka goma na makiyaya, aka ce kowanne ya nuna iyawarsa wajen tattaro tumaki daga nesa da shigar da su cikin shinge. Wani mai manyan gonaki na yankin, Richard John Lloyd Price, shi ne ya shirya taron. Da aka tashi, wani kare mai suna Tweed ne ya zo na ɗaya, ubangijinsa kuwa mutumin Sikotlan ne da ke kiwo a Wels, watau dai baƙo ya zo har gida ya cinye.

Ko da yake makiyayan Niyu Zilan sun riga sun fara irin wannan gwaji 'yan shekaru kafin nan, taron Bala shi ne ake ɗauka mafarin gasar karnukan kiwo a Birtaniya. Daga wannan ɗan taro al'adar ta bazu, har a 1876 aka kai ta birnin London. A yau ana yin ta a ƙauyukan Ingila da Sikotlan da Wels da Ailan kusan kowane mako na lokacin zafi, kana ta ƙetara zuwa sauran ƙasashen Turai da Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu.

Wanda ya fara ganinta zai ɗauka wasa ne na nishaɗi. Ga makiyayan tuddai kuwa jarrabawa ce ta aiki, domin a wannan fili ne ake tantance karen da za a nemi irinsa, da shi za a yi kiwon gobe.

Abin da ya sa kare ya zama dole

A ƙasar Hausa an fi sanin kare da farauta da gadi, makiyayi kuwa da sandarsa da muryarsa yake bi da dabbobinsa, yana tare da su tun fita har dawowa. Kiwon tuddan Birtaniya ya sha bamban da haka. A can ana sakin tumaki ne su warwatsu a kan tsaunuka masu faɗin gaske, su yi makonni suna kiwo su kaɗai, ba sa ganin mutum sai jefi-jefi. Saboda haka suna da tsoro da saurin firgita, kusan kamar namun daji. Yawansu kuma ba kaɗan ba ne, don a Wels kaɗai tumaki sun ninka mutane kusan sau uku.

Amma dole ne a tattaro su sau da yawa a shekara: lokacin sausayar gashi, da lokacin ba da magani, da lokacin raba 'ya'ya da iyaye, da lokacin kai wa kasuwa, da kuma lokacin da dusar ƙanƙara ta taso aka ga za ta binne su. Ƙasar kuwa hawa da gangara ce, ga duwatsu, ga fadamu masu cafewa, ga hazo mai sauka ba sallama. Mutum da ƙafa biyu ba zai iya cim ma tunkiyar tsauni ba, ko da mutum goma ne. Kare mai horo kuwa cikin sa'a guda sai ya share gefen tsauni ya sauko da garke gaba ɗaya. Wannan ne ya sa makiyayin da ba shi da kare nagari a waɗannan wurare kusan ba shi da sana'a.

Tun da haka ne, ba abin mamaki ba ne a ji makiyaya suna musu a kasuwa a kan wane ne karensa ya fi. Gasar Bala ta kawo hanyar raba gardama, gani ya kori ji.

Kakan karnuka

Karnukan kiwo na farko masu hayaniya ne, da haushi da tsalle-tsalle suke kora dabbobi. A watan Satumba na 1893 aka haifi wani kwikwiyo a gidan wani makiyayi mai suna Adam Telfer, a lardin Northumberland da ke kan iyakar Ingila da Sikotlan. Shi ne aka sani da suna Old Hemp. Da ya fara aiki sai aka ga ya fita daban: ba ya haushi, yakan sunkuyar da kai ya yi sanɗa, ya kafa wa tumaki ido, su kuwa su juya su tafi inda yake so ba tare da sun firgita ba. Makiyaya na kusa da na nesa suka riƙa kawo masa karyoyinsu, kafin ya mutu a 1901 an ƙiyasta ya bar 'ya'ya fiye da 200. Galibin karnukan da ke shiga gasa a yau daga tsatsonsa suka fito.

Wannan kafa ido gado ne daga kyarkeci, kakan karnuka duka. Kyarkeci yakan zagaye abin farauta, ya laɓaɓa, ya tsura masa ido, sa'an nan ya auka masa. Abin da makiyaya suka yi cikin shekaru aru-aru shi ne zaɓen karnukan da suka riƙe zagayen da laɓaɓawar da idon, amma suka bar cizon. Tunkiya tana jin tsoron kare don tana ganin maƙiyi a cikinsa, da wannan tsoro ne ake juya ta. Gwaninta duka tana wajen auna shi, kada ya yi kaɗan ta raina kare, kada ya yi yawa ta bazama.

A shekarar 1906 waɗansu makiyaya da manoma suka haɗu a garin Haddington na Sikotlan suka kafa Ƙungiyar Karnukan Kiwon Tumaki ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da ISDS, a wannan shekara kuma suka yi gasarsu ta farko a Gullane. Wani lauya mai suna James Reid, wanda ya zama sakatarenta a 1915, shi ne ya raɗa wa wannan irin kare suna Border Collie, watau karen kiwo na kan iyaka, don a bambanta shi da 'yan uwansa da ake kiwo domin ado. Shi ne kuma ya ɗauki nauyin tattara asalin karnuka, aikin da ya zama littafin rajistar da ƙungiyar ke riƙe da shi har yanzu.

Yadda ake gasar

A gasar ƙasa, makiyayi yakan shigo fili da karensa da sandarsa mai lanƙwasa a kai, ya tsaya jikin wani turke da aka kafa. A can ƙarshen fili, nisan yadi 400, an tsai da tumaki biyar, biyu daga cikinsu da jan ƙyalle a wuya. Kare bai san waɗannan tumaki ba, su ma ba su san shi ba. An ba shi minti 15 ya gama aiki bakwai, jimlar makinsu 110. Alƙali yakan ba kowane kare cikakken maki tun farko, sa'an nan ya riƙa zaftarewa duk inda aka yi kuskure.

Aiki na farko shi ne zagaye, mai maki 20. Makiyayi ya tura kare ta dama ko ta hagu, yadda ya ga ya fi dacewa da yanayin fili. Kare zai fita a guje yana buɗewa, tafiyarsa ta yi siffar gora, ƙunci a wajen makiyayi, faɗi a wajen tumaki, har ya ɓullo ta bayansu ba tare da ya tayar musu da hankali ba. In ya matse, tumaki za su gan shi su tsere tun bai isa ba. In ya buɗe da yawa ya ɓata lokaci. In kuwa ya gicciya fili ta tsakanin makiyayi da tumaki, to, ya yi asarar mafi yawan makin wannan sashe. Kowane umurni da makiyayi ya bayar don gyara masa hanya a nan ragi ne, domin ana so kare ya yi wannan da hankalin kansa.

Na biyu shi ne tayarwa, mai maki 10. Bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba, amma tsofaffin hannu sun ce a nan ake cin gasa ko a faɗi. Wannan ne karon farko da tumaki ke haɗa ido da kare, a nan suke yanke shawarar ko za su bi shi cikin natsuwa, ko su raina shi, ko su firgita. Karen da ya faɗa musu da gaggawa ya ɓata sauran aikinsa, don tunkiyar da ta firgita da wuya ta sake natsuwa cikin minti 15.

Na uku shi ne kawowa, mai maki 20. Kare zai taho da tumaki miƙe zuwa ga makiyayi, su ratsa ta wata ƙofa mai faɗin yadi bakwai da aka kafa a tsakiyar fili, sa'an nan su kewaya ta bayan turken. Abin da alƙali ke dubawa shi ne layi. Ko tumaki sun shiga ƙofa, in sun yi ta karkace-karkace kafin su isa, za a rage maki.

Na huɗu shi ne kora, mai maki 30, shi ne mafi tsoka. Kare zai tura tumaki su yi nesa da makiyayi, su ratsa ƙofa ta farko, su juya su gicciya fili su ratsa ta biyu, kana su dawo, tafiyar yadi 450 mai kusurwa uku. Wahalar wannan ita ce ɗabi'ar karen kiwo ta kawo dabbobi wurin ubangijinsa ce, korar su daga gare shi kuwa sai an koya masa. Shi ma makiyayi yana da tasa wahalar, domin daga inda yake tsaye da wuya ido ya auna ko tumakin da ke gicciyawa suna daidai da ƙofa ko sun yi sama ko ƙasa da ita. Manyan gwanaye ma sukan kuskure ƙofa ta biyu.

Duk wannan lokaci makiyayi bai gusa daga turke ba. Sai tumaki sun shiga wata da'ira mai faɗin yadi 40, wadda akan shata da garin katako, sa'an nan aka yarda ya matso. A nan ne aiki na biyar, watau warewa, mai maki 10. Za a ware tumaki biyu daga cikin ukun da ba su da ƙyalle. Makiyayi da kare sukan sa tumaki a tsakiya, su yi ta lallaba su har su jeru, da zarar 'yar kafa ta buɗe a daidai wurin sai makiyayi ya kira kare ya kutsa ciki ya tare biyun. Dole alƙali ya ga cewa kare ne ya riƙe su, ba su ne suka rabu don kansu ba.

Na shida shi ne shigarwa, mai maki 10. An kafa ɗan shinge mai ƙafa tara da takwas, da ƙyaure wanda aka ɗaura wa igiya mai tsawon ƙafa shida. Makiyayi ya buɗe ƙyaure ya riƙe bakin igiya, ba shi da ikon sakinta, shi ya tare gefe ɗaya, kare ya tare ɗayan. Tunkiyar tsauni ba ta son shiga wurin da ba ta ga mafita ba. Sau da yawa akan ga tsohuwar tunkiya ta tsaya a bakin ƙofa ta juyo tana buga ƙafa a ƙasa, kare ya kwanta ya tsura mata ido, yana matsowa taki ɗaya ɗaya, jama'a sun yi tsit, agogo kuwa yana tafiya. Wanda ya yi garaje a nan sai ya ga tumaki sun fashe sun kewaye shinge, a sake sabon lale.

Na bakwai, mai maki 10, shi ne a fito da tumakin a koma da'ira a ware guda ɗaya tak daga cikin masu jan ƙyalle. Babu abin da tunkiya ta ƙi kamar kaɗaici, za ta yi duk abin da za ta iya don ta koma cikin 'yan uwanta, aikin kare ne ya hana ta har alƙali ya gamsu.

Akwai doka ɗaya da ke bisa dukkan waɗannan: karen da ya ciji tunkiya ba gaira ba dalili an fitar da shi, kome yawan makin da ya tara. Kowane ɗayan ayyukan nan bakwai kuwa daga gona aka ɗauko shi. Warewa ita ce abin da makiyayi ke yi in zai fid da na sayarwa, riƙe guda ɗaya shi ne abin da yake yi in tunkiya tana gurgunta ko haihuwa ta zo mata da gardama a bayan tsauni, inda babu shinge babu mataimaki.

Zance da fito

Umurnin da ake ba kare ba su da yawa: zagaya ta dama, zagaya ta hagu, tsaya ko kwanta, matso, yi a hankali, waiwaya baya, sai kuma na tashi daga aiki. In kare yana kusa ana faɗa da baki, makiyayan Wels da yawa da harshensu na Wels suke yi. In ya yi nisa sai fito, ko da yatsu a baki ko da wani ɗan usur mai faɗi da ake ɗorawa a kan harshe. Kowane umurni yana da nasa karin, kuma ana iya ja ko gajarta shi: fito gajere yana nufin taki biyu zuwa hagu, dogo yana nufin buɗe sosai.

Nisa yana da nasa sharri. Sauti yana ɗaukar kusan daƙiƙa biyu kafin ya ci yadi 800, in iska tana busowa daga gaba kuma wani lokaci ba ya isa ko kaɗan. Saboda haka makiyayin kirki tumaki yake kallo fiye da kare. Yana lura da inda ta gaba ta juya kai da kunnuwa, ya ba da umurni tun ba su karkace ba. Wanda ya jira sai ya ga kuskure kafin ya busa, ya makara.

Kare ma yana da nasa sani. Tun yana ƙarami, in aka sake shi ga tumaki, yakan nemi wurin da ke daura da ubangijinsa ya tsaya, yadda tumaki za su kasance tsakaninsu. Ba a koya masa wannan, da shi aka haife shi. Horo yakan fara ne galibi in ya kusa shekara guda, a kan 'yan tumaki masu sanyin hali, kuma akan ɗauki shekara ɗaya ko biyu kafin ya isa shiga fili. A lokacin sanyi akan shirya ƙananan gasa musamman don sababbin karnuka, a nan ake fara gane mai rabo. Masu horo sun yarda cewa tsawa da duka ba sa yin karen gasa, don karen da ke tsoron ubangijinsa yakan riƙa waiwayensa maimakon ya kalli aikinsa.

Har ila yau akwai sa'a. Ƙuri'a ce ke nuna lokacin da kowa zai shiga. Tumakin safe ba ɗaya suke da na tsakar rana ba, in zafi ya yi sukan yi nauyi da taurin kai, in yamma ta yi sukan ja zuwa inda aka saba tara su. Tunkiya ɗaya mai baƙin hali cikin biyar ta isa ta rusa shirin shekara guda.

Babbar gasa

Kowace shekara ƙasashen nan huɗu, Ingila da Sikotlan da Wels da Ailan, kowace takan yi gasarta ta ƙasa, inda karnuka har 150 ke karawa cikin kwana uku, a zaɓi 15 da za su wakilce ta. A watan Satumba waɗannan 60 sukan haɗu a gasar ƙasa da ƙasa, wadda ke zagayawa tsakanin ƙasashen. Bayan kwana biyu na tacewa, 15 ne ke kai wa rana ta ƙarshe.

Aikin wannan rana ya ninka na baya. An ajiye tumaki goma a nisan yadi 800 a kusurwa ɗaya, kare ya je ya taho da su har tsakiyar fili. Nan makiyayi zai umurce shi ya bar su ya waiwaya, ya tafi neman waɗansu goma a ɗaya kusurwar, waɗanda sau da yawa bai ma hango su ba. Wannan shi ne babban gwajin amana tsakanin mutum da kare, domin barin tumakin da ke gabansa ya saɓa wa duk abin da jininsa ke gaya masa. In ya haɗa ashirin ɗin, ya kora su yadi 600, sa'an nan a shiga da'ira a tsame 15 marasa ƙyalle kaɗan kaɗan, a bar biyar masu ƙyalle, a shigar da su shinge. Lokacin da aka bayar minti 30 ne, alƙalai huɗu ne, kowanne da maki 170. Karnuka da yawa lokaci kan ƙare musu a cikin da'ira. Ban da wannan akwai gasar karnuka bibbiyu, inda mutum ɗaya ke juya kare biyu a lokaci guda, kowanne da irin nasa fiton.

A tarihin wannan gasa ba a yi kamar James M. Wilson na Sikotlan ba, wanda ya ci kambun sau tara tsakanin 1928 da 1955. A 1996 Julie Simpson da karenta Moss ta zama mace ta farko da ta ci shi. Kafin nan gidan telebijin na BBC ya riga ya shigar da gasar cikin ɗakunan mutanen birni da shirinsa mai suna One Man and His Dog, wanda aka fara a 1976, masu kallonsa suka kai wajen miliyan takwas a farkon shekarun 1980, Katy Cropper kuma ta zama mace ta farko da ta ci gasar shirin a 1990.

A 2002 aka koma Bala, inda aka faro, aka buɗe gasar duniya wadda ake yi bayan kowace shekara uku. Aled Owen na Wels ne ya ci ta farko, ya sake ci a 2008. Amma a 2017, da aka yi ta a Holan, Jaran Knive na ƙasar Norwe ne ya ɗauke kambun, a 2023 kuma a Ailan ta Arewa wani ɗan Norwe, Petter Landfald, ya sake ɗauka. Ɗalibai sun fara kayar da malamansu.

Abin da ake ci

Kuɗin da ake ba wanda ya yi nasara ba su taka kara sun karya ba, sau da yawa ba su biyan man mota da masauki. Ribar tana zuwa ne daga baya. Karen da ya yi suna, makiyaya za su yi layi da karyoyinsu, 'ya'yansa kuma a kama su tun ba a haife su ba.

Babban misali shi ne Wiston Cap, wanda aka haifa a 1963, ya ci babbar gasa a 1965 a hannun John Richardson tun bai cika shekara biyu ba. Ya haifi 'ya'ya masu ɗimbin yawa, har ya zama da wuya a buɗe asalin karen gasa a yau ba a tarar da sunansa ba, sau da yawa ma ta wajen uwa da ta wajen uba. Hotonsa yana sanɗa shi ne tambarin ƙungiyar ISDS. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kasuwa ma ta shaida. A watan Fabrairu na 2020 aka sayar da wata karya mai suna Megan a gwanjon Skipton na Ingila a kan fam 18,900, mai saye kuwa daga Amurka yake. Bayan shekara guda, a wani gwanjo da aka yi ta intanet daga Dolgellau na Wels, wata karya 'yar shekara ɗaya mai suna Kim ta kai fam 27,100. Waɗannan farashi ne na musamman, amma ko karen aiki na yau da kullum mai cikakken horo dubban fam ake sayensa.

Gardamar da ba ta ƙare ba

Tun da gasa ce ke zaɓen iyayen karnukan gobe, duk kuskuren da aka yi a fili zai bayyana a gona bayan 'yan shekaru. Wannan ne tushen muhawarar da ake yi tsakanin makiyaya. Waɗansu suna kukan cewa filin gasa shimfiɗaɗɗe da tumaki biyar yana fifita kare mai laushi, mai jiran umurni a kowane taki, alhali aikin tsauni yana bukatar kare mai ƙarfin zuciya da zai tura tumaki 500 cikin ruwa da iska, ya yanke shawara shi kaɗai in ya ɓace wa ubangijinsa da gani. Masu kare gasar kuwa suna nuna cewa yawancin waɗanda ke cin manyan kambuna makiyaya ne da ke aiki da karnukan nan kullum, kuma aikin yadi 800 ba ya yiwuwa ga rago.

Damuwa ta biyu ita ce yawan komawa ga uba ɗaya. In kowa ya ruga ga karen da ya ci gasa, jini yakan ƙuntata, cututtukan gado su sami hanya, musamman na ido. Don haka ne aka shigo da gwajin ido, daga baya kuma gwajin ƙwayoyin gado, kafin a haɗa karnuka.

Ta uku ita ce batun kyan gani. Ƙungiyar masu nunin karnuka ta Birtaniya ta karɓi Border Collie a 1976, takwararta ta Amurka kuma a 1995, duk da adawar da masu kiwo na can suka nuna. A wurin nuni ana duba gashi ne da tsayi da siffar kunne. ISDS ba ta da ma'aunin siffa ko ɗaya. Baƙi da fari, ja, mai gashi, mai santsi, mai kunne a tsaye ko a kwance, duk ɗaya ne a wurinta, har ma karen da ba a san asalinsa ba yana iya shiga rajista in ya ci jarrabawar aiki. A yau an kusa samun iri biyu masu suna ɗaya, ɗaya na nuni, ɗaya na tsauni.

Daɗin daɗawa, ita kanta sana'ar tana sauyawa. Babur mai ƙafa huɗu ya shiga gonaki ya ɗauke wani ɓangare na aikin kare, makiyayan haya sun ragu, matasa da yawa sun nufi birni. Annobar cutar baki da kofato ta 2001, wadda ta sa aka hallaka dabbobi fiye da miliyan shida a Birtaniya, ta tsai da gasa a wannan shekara, ta kuma nuna cewa in babu garke babu gasa. A gefe guda kuma an sami sababbin masu shiga, malaman makaranta da ma'aikatan ofis da 'yan fansho, waɗanda ke ajiye 'yan tumaki don kare, maimakon kare don tumaki.

Duk da haka, akwai gangaren da babur ba ya hawa, akwai kuma tunkiyar da ta maƙale a bakin kwazazzabo wadda ba mai fito da ita sai kare. Muddin ana kiwo a waɗannan tuddai, manomi zai ci gaba da zuwa filin gasa ya jingina da shinge yana kallo, yana lissafin daga wace karya zai kama kwikwiyo bana. Idonsa kuma a kan tumaki yake, kamar na alƙali. In sun taho a natse, a miƙe, suna tafiya ba gudu ba, har su tsaya su ɗan ciri ciyawa bayan an rufe ƙyaure, to, sun ba da shaida cewa karen da ke bayansu ya san aikinsa.